Wa Ya Raɗa Mata Suna Uwa? Matan Yumɓu na Nok da na Indiya

Duk wanda ya yi ƙuruciya a Unguwar Dosa kafin siminti da kwalta su cinye filayen unguwa ya san wasan damina. Da an ɗauke ruwa yara sukan fantsama bakin kududdufi su ɗebo laka mai danƙo. Maza su gina shanu masu tozo da ƙaho, ko mota mai tayar murfin kwalba. Mata su gina 'yan tukwane da turmi da taɓarya, wata ma ta gina 'yar tsana da goyo a bayanta. A jera su gindin katanga su sha iska, kafin jibi akuya ta tattake ko ruwan sama ya narkar. Babu uwar da ta taɓa ganin 'yarta da wannan 'yar tsana ta ce bauta take yi.

Da dare kuma, a gidajen nan dai, sai a kunna fim ɗin Indiya mai fassarar Hausa. Mutanen Arewa sun saba da finafinan nan tun zamanin Mother India na 1957, wanda aka yi shekaru ana maimaita shi a sinimomi. Can cikin labari sai jarumar ta shiga ɗakin bautarsu, ta tsaya gaban wata siffar mace mai hannuwa takwas ko goma, a kan zaki, tana kuka tana kiran ta "Maa", wato uwa. Manya su yi ta'awwuzi su ce ga gunkin nasu nan, yara su ci gaba da kallo.

Tsakanin 'yar tsanar gindin katanga da waccan siffa ta fim akwai gardamar da masu binciken tarihi suka kusa shekara ɗari suna yi. In aka tono ƙasa aka sami siffar mace ta gasasshen yumɓu, mai shekara dubu biyu ko dubu huɗu, ta yaya za a gane ko abar bauta ce, ko kakar wasu ce da ta rasu, ko kuwa abin wasan yara? Gardamar ta fi zafi a kan kayan Indiya, amma ta shafi Kaduna kai tsaye, domin tsofaffin matan yumɓu na wannan jiha suna ajiye 'yan mintoci kaɗan daga Unguwar Dosa.

In mutum ya hau keke ya bi titin Ali Akilu ya nufi Unguwar Sarki, zai iske Gidan Tarihi na Ƙasa. An buɗe shi a 1975 a tsohon ginin jam'iyyar NPC, wanda gwamnatin jiha ta bayar. A cikin abubuwan da yake adanawa akwai kayan Nok, kuma da wuya mutum ya manta fuskokinsu in ya gan su sau ɗaya. Ido mai kusurwa uku ko kamar rabin wata, an huda ƙwayarsa. Hanci a huje, baki a huje, kunne ma haka. Kai ya yi wa jiki girma. Fatar kuwa kaushi gare ta kamar dutsen niƙa, domin ruwan yumɓu mai laushi da aka shafe su da shi tun asali ƙasa ta cinye shi.

Labarin gano su ya faro ne daga ramin kuza. A 1928 masu haƙar kuza kusa da ƙauyen Nok, a ƙasar Jaba ta kudancin Kaduna, suka ci karo da wani ɗan kai na yumɓu, ɗaya daga cikin masu kamfanin, Kanar Dent Young, ya kai shi Jos aka ajiye. Shekara goma sha biyar bayan haka wani ma'aikacin haƙar kuza a yankin Jama'a ya tsinci wani kan, ya kai gonarsa ta doya ya kafa don korar ɓarna. Hausa da ma mutum-mutumi take kiran abin da ake kafawa a gona, to wannan ya yi aikin mutum-mutumi na gaske har kusan shekara guda kafin ya isa hannun Bernard Fagg, wani matashin jami'in mulkin mallaka da ya karanci ilimin tonon kayan tarihi. Fagg ya haɗa kan Jama'a da na Nok ya ga hannu ɗaya ne, ya raɗa wa al'adar sunan ƙauyen. Shi ne kuma ya jagoranci kafa gidan tarihin Jos da aka buɗe a 1952, sannan a shekarun 1960 ya tono wuraren narka tama a Taruga, kusa da Abuja ta yau, inda ya nuna cewa mutanen nan sun san ƙarfe.

Siffofin ba sassaƙa ba ne, gini ne irin na tukunya. Akan murza yumɓu kamar igiya a yi ta naɗawa ana ɗorawa, cikin ya zama holoƙo, sannan a fitar da fuska da kitso, a toya. Hujin ido da na baki suna ba zafi hanyar fita kada abin ya fashe a wuta. Duk wanda ya taɓa kallon matan Gbagyi suna gina randa da hannu zai gane aikin. Ladi Kwali, maginiyar tukwanen da hotonta ke bayan naira 20, a Kwali aka haife ta, cikin yankin da ake samun waɗannan kaya.

Akwai maza a cikinsu, wasu zaune sun ɗora haɓa a gwiwa kamar mai tunanin bashi. Akwai birai da macizai da giwa. Akwai masu alamun cuta a fuska ko a jiki. Akwai kuma mata, kuma a nan ne ido yake daɗewa. Kitso iri-iri, wani an tara shi tsibi-tsibi, wani an zubo shi gefe. Duwatsun wuya jere kan jere har sun sauko ƙirji, jigida mai kauri a ƙugu, awarwaro a hannu, mundaye a ƙafa. Wanda ya gina su ya zauna ya ƙirga ƙwayoyin tsakiya ɗaya bayan ɗaya. Mace ta yau da ta san wahalar zaman kitso in ta tsaya gaban gilashin nan, abin da za ta fara lura da shi ke nan: shekara 2,500 da suka wuce, a dajin da ke tsakanin Kaduna da Abuja, mata sun san kwalliya kuma suna da lokacin yin ta.

Da a Indiya aka tono waɗannan mata a shekarun 1920, da tuni an raɗa musu suna.

A 1921 Daya Ram Sahni ya fara tono a Harappa, a 1922 R. D. Banerji ya fara a Mohenjo-daro. Duka biyun yanzu suna cikin Pakistan, amma a lokacin ƙasa ɗaya ce ƙarƙashin Ingila. Harappa ma kafin a gane darajarta an riga an yi mata ɓarna, domin a tsakiyar ƙarni na 19 'yan kwangilar layin dogo na Lahore zuwa Multan sun kwashe tubalinta sun shimfiɗa ƙarƙashin ƙarfen jirgi. A 1924 shugaban hukumar binciken kayan tarihi ta Indiya, John Marshall, ya sanar wa duniya cewa an gano wata tsohuwar wayewa a kwarin kogin Indus, wadda ta yi tashe tsakanin shekara ta 2600 da 1900 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Birane ne na gasasshen tubali, da tituna miƙaƙƙu, da rijiyoyi, da magudanan ruwa a rufe.

A cikin ɓaraguzan aka yi ta samun ƙananan siffofin mata, yawancinsu ba su wuce tsawon tafin hannu ba. Ba holoƙo ba ne kamar na Nok, curi ne da aka matsa da yatsu. A tsunkule yumɓu hanci ya fito, a manna 'yan ƙwallaye biyu su zama ido, a manna zare-zaren laka su zama sarƙa da ɗamara. Ƙugu mai faɗi, ɗan guntun zane, a ka kuma wani ado mai kama da mafici a buɗe. Wasu suna da 'yan kofuna biyu a gefen kai, dama da hagu, kuma a cikin wasu kofunan an ga baƙi kamar kunkunniya, abin da ya sa aka yi zaton an kunna mai a ciki kamar aci-balbal, ko an ƙona turare.

A littafinsa na 1931 Marshall ya ce waɗannan siffofi na babbar uwa abar bauta ne. Yana da dalilansa. Ya ga yadda kusan kowane ƙauye na Indiya yake da uwar da yake bauta wa, ya kuma san Turawan zamaninsa sun yi imani cewa mutanen farko, daga Turai har Gabas ta Tsakiya, uwa guda suka fara bauta wa kafin su san wani abu. Sai ya ɗauko abin da ya gani a ƙauyen ƙarni na 20 ya ɗora wa birnin da ya mutu shekara dubu huɗu baya. Sunan ya kama. Ya shiga littattafan makaranta, ya hau allunan gidajen tarihi a Delhi da Karachi. Da aka tono Mehrgarh a Balocistan daga 1974, aka sami siffofin mata da suka girmi na Harappa da dubban shekaru, su ma da yawa suka kira su uwa.

Amma kama da wane ba ta wane. Mutanen Indus sun bar rubutu a kan hatimai, har yau ba wanda ya iya karanta shi, saboda haka babu kalma ɗaya daga bakinsu da ta ce wannan uwa ce. Ba a kuma sami ginin da kowa ya yarda ɗakin bauta ne ba. Siffofin yawanci a karye aka same su, cikin juji da sharar gida, tare da tsingaro da ƙasusuwan abinci. A 1968 wani masani, Peter Ucko, ya yi nazarin irin waɗannan siffofi na Masar da tsibirin Kirit, ya tuna wa 'yan'uwansa cewa a wurare da yawa na duniya ana gina mutum-mutumi don wasan yara, ko don koyar da 'yan mata, ko don neman waraka, a yi amfani da shi sau ɗaya a yar. Daga baya Sharri Clark ta zauna da dubban gutsattsarin Harappa ɗaya bayan ɗaya, ta ga masu ciki da masu ɗauke da jariri kaɗan ne a cikinsu, ga siffofin maza da na dabbobi birjik. Wasu matan ma durƙushe suke suna niƙa ko kwaɓa gari. A wasu biranen wayewar, irin su Kalibangan da Lothal, da ƙyar ake samun siffar macen, alhali da ita ce abar bautar kowa da ba za a rasa ta a can ba.

Haka ta faru a Turkiyya. A 1961 James Mellaart ya tono wata mace mai ƙiba ta yumɓu a Catalhoyuk, zaune tsakanin namun daji biyu, duniya ta ɗauka an gano uwar uwaye. Da aka koma wurin daga shekarun 1990 aka tono da natsuwa, sai aka ga mafi yawan siffofin dabbobi ne, kuma a juji.

Wannan ba ya nufin Marshall ya yi kuskure a kan kowace ɗaya. Mai kofunan kunkunniya ta yiwu an kunna mata fitila da wata manufa. Laifinsa shi ne gaggawa, da kuma tara mata dubu a ƙarƙashin suna guda.

Inda Indiya ta yi sa'a shi ne daga baya yumɓun ya sami masu yi masa magana. A Mathura, wajen ƙarni na 3 kafin Miladiyya, ana gina mata masu launin toka, fuska ta zubi, jiki na hannu, an lulluɓe su da ado. A ƙarni biyu da suka biyo baya maginan suka koma zuba allo gaba ɗaya a mazubi, abin ya yi araha, talaka ma ya iya saye. Daga Kaushambi har Chandraketugarh da Tamluk a Bengal an sami irin waɗannan alluna. Shahararriyar cikinsu ta Tamluk ce, tana gidan tarihin Ashmolean a Oxford: mace cikin ado mai nauyi, an soke gashinta da makamai biyar a matsayin tsinken kitso. Macen gida ba ta kitso da takobi da gatari, don haka a nan masana suna da hujjar cewa an wuce batun 'yar tsana. Akwai kuma wadda ake kira Lajja Gauri, da aka samu a wurare irin su Ter da Kondapur a ƙarnonin farko na Miladiyya, mace a yanayin mai naƙuda, maimakon kai furen bado. Daga baya an sassaƙa ta da dutse, kuma har yau akwai wuraren da mata masu neman haihuwa ke zuwa gabanta. Wajen ƙarni na 5 zuwa na 6 aka rubuta Devi Mahatmya, littafin da ya tattara waɗannan uwaye ya ce fuskoki ne na abar bauta guda. Daga nan siffa da suna da labari suka haɗu.

Masu bautar kuma suna nan da ransu, ana iya tambayarsu. A ƙauyen Molela na jihar Rajasthan, bakin kogin Banas, iyalan magina suna kwaɓa yumɓu da kashin jaki, yadda maginin Hausa yake kwaɓa ƙasa da ramno don ta yi ƙarfi, su gina alluna masu siffofi a kumbure, su toya, su yi musu fenti. A watan Magh, wajen Janairu zuwa Fabrairu, mutanen Bhil da wasu ƙabilu sukan taho daga nesa su saya, su ɗauka a ka zuwa ƙauyukansu, bayan 'yan shekaru su dawo su sake sabo. A Bengal da wasu sassa akwai Shashthi, wadda suke ɗauka mai tsare jarirai, ana yi mata hidima rana ta shida da haihuwa, kwana ɗaya kafin ranar da Bahaushe ke yanka ragon suna. Akwai Shitala, mai jaki da tsintsiya da tulu, wadda suka danganta da cutar agana. In aka duba abin da ake roƙon waɗannan uwaye, haihuwa ne da ran jariri da ruwan sama da tsari daga annoba. Tsoron uwa ne a zamanin da yara ke mutuwa kamar ƙudaje, kuma wannan tsoro babu ƙasar da ba ta san shi ba.

Mafi girman bikin shi ne na Durga a Kolkata, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2021. A unguwar Kumartuli magina suna ɗaura ƙashin gora da ciyawa, su shafe da lakar kogi, su fitar da waccan mai hannuwa goma ta cikin fim. Ido ne ake zanawa a ƙarshe, a rana ta musamman. Ba a toya ta. In an gama kwanakin biki, tsakanin Satumba da Oktoba, sai a ɗauke ta da kiɗa a kai ta kogin Hugli a sake ta, ta narke ta koma laka. Mai tonon tarihi da zai zo bayan shekara dubu biyu ba zai sami ko yatsanta ba. Abin da zai samu shi ne 'yan tsana da kofunan shayi na yumɓu da aka toya aka yar, kuma da su zai yi wa mutanen Kolkata hukunci.

Ƙasar Hausa tana da nata shaidar a kan haka. Kafin Musulunci ya game ko'ina, da ma bayansa a wajen Maguzawa, akwai uwa a cikin iskokin da ake yi wa tsafi. Ana kiran ta Inna, ana kiran ta Doguwa, a harkar noma kuma Uwargona. Joseph Greenberg ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930 ya rubuta yadda suke yi, an kuma yi irin wannan bincike a wajen Arnan ƙasar Maraɗi. Wurin tsafin gindin tsamiya ne ko kuka, ko dutse, ko jigon da aka kafa a tsakar gida ana zuba masa jinin akuya ko kaza. Tsumburbura ma ta dutsen Dala, yadda tarihin Kano ya kawo, wurinta wani itace ne da aka kewaye da gini, Barbushe kaɗai ke shiga. Ke nan a nan an yi bautar uwa ba tare da siffarta ba, an kuma yi ta gina siffar mace mai goyo a gindin katanga ba tare da bauta ba. Bahaushe ya fi kowa cancantar gane cewa ganin mutum-mutumi ba ya isa a ce an ga abin bauta.

To da me za a gane? Da wurin da aka same ta. Me ke kusa da ita, a kwance take ko a tsaye, a ɗaki ko a kabari ko a juji, da toka ko babu. Wannan ne ya sa aikin da aka yi a kudancin Kaduna daga 2005 yake da nauyi. Masana daga Jami'ar Goethe ta Frankfurt a Jamus, ƙarƙashin Peter Breunig da Nicole Rupp, tare da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da jami'o'in gida, sun kafa sansani a Janjala cikin ƙaramar hukumar Kagarko, suka yi shekaru suna tono a wurare irin su Pangwari da Ifana, suna auna kowane tsingaro kafin a ɗaga shi.

Abin da suka gano ya canza labarin. Mutanen Nok sun zauna a yankin tun wajen 1500 kafin Miladiyya, amma siffofin sun fara bayyana wajen 900, suka yi 'yan ƙarnoni sannan suka ɗauke. Ba birane suka gina ba, ƙananan gidajen gona ne warwatse a kan tuddai. Gero suke ci da wake da atili. Wani bincike da aka buga a 2021 ya sami kakin zuma a kusan kashi ɗaya cikin uku na tukwanen da aka gwada, wato tun shekara 3,500 ana shan zuma a wannan daji. Tukwanen girki da yumɓun kusa da gida aka gina su, amma yumɓun siffofin iri ɗaya ne a wurare masu nisa da juna, alamar akwai ƙwararrun da wannan ce sana'arsu.

Sai babban abu. Kusan babu siffar da aka samu cikakkiya. A farfashe suke, an tara gutsattsarin a ramuka, kuma yadda aka jera su ya nuna da gangan aka fasa aka binne. Sau da yawa ramukan suna kusa da wasu jerin duwatsu da aka ajiye tukwane cikakku a gefensu, wani lokaci da duwatsun wuya a jere kamar suna jikin zare. Ƙasar wurin mai tsami ce, tana cinye ƙashi, amma masanan sun fassara waɗannan a matsayin kaburbura. In haka ne, matan Nok sun fi kusa da sha'anin mamata da kakanni, kuma masu binciken ba su raɗa musu sunan uwa abar bauta ba. Wannan kamun kai abin yabo ne. An bar matan nan da kitsonsu da jigidarsu har sai ƙasa ta ba da ƙarin shaida.

Sai dai ƙasar ana ta yashe ta. Tun shekarun 1990 dillalai suka gane cewa kan Nok guda yana kawo kuɗi mai yawa a Turai da Amurka, aka sa matasan ƙauye haƙa da diga da shebur. Masanan Jamus sun riƙa isa wurare su tarar an riga su, fili ya zama ramuka kamar an yi haƙar zinariya. Mai haƙa kai yake nema, sauran duk watsarwa yake, da tukunyar da gawayin da za a auna shekaru da shi. Tunda kuma mai saye cikakkiyar siffa yake so, sai a haɗa kan wannan da jikin waccan a like, wani lokaci a cike da sabon yumɓu. Yawancin kyawawan matan Nok da ake gani a littattafan gwanjo babu wanda zai iya faɗin ramin da suka fito. Haka aka yi wa siffofin da 'yan kasuwa ke kira na Sakkwato da na Katsina, haka aka yi wa maƙabartar Bura a Nijar bayan Boubé Gado ya tono ta a 1983. Dokar Najeriya ta 1979 ta hana saye da sayar da irin waɗannan kaya da fitar da su ba izini, Ƙungiyar Gidajen Tarihi ta Duniya kuma ta sa su a jan jerinta na 2000, amma talauci da kuɗin dillali sun fi doka sauri.

Akwai kuma asarar da ba ta kai kasuwa. Manomi ya turo kai da garma, ya tsorata, ya ce gunki ne ko sammu, ya farfasa ya watsar. Tsoron nasa abin fahimta ne, Musulmi ne shi ko Kirista. Sai dai ajiye abu don a san yadda mutanen da suka rayu daban yake da durƙusa masa, kuma Alƙur'ani a wurare da dama ya yi umarni da a yi tafiya a bayan ƙasa a dubi yadda ƙarshen magabata ya kasance. Masar ƙasar Azhar ce, ba ta kuma farfasa kayan Fir'auna ba. Pakistan ta ɗora hoton Mohenjo-daro a kan takardar kuɗinta.

Rashin tsaro ya zo ya ƙara dagula al'amari. A watan Fabrairun 2017 'yan bindiga suka sace Farfesa Breunig da wani abokin aikinsa a wurin tono kusa da Janjala, suka kashe mutum biyu 'yan yankin da suka bi sawu don ceto su. An sako Jamusawan bayan 'yan kwanaki, amma tonon bai koma yadda yake ba. Kafin nan, a 2013, an baje kolin abin da suka samo a Frankfurt, sannan aka dawo da kayan Najeriya, kamar yadda aka yi alkawari.

Ba kowa ne ya dawo da nasa ba. A watan Afrilun 2000 shugaban Faransa Jacques Chirac ya buɗe wani sashe a gidan tarihin Louvre na Paris, a ciki har da siffofin Nok da gwamnatinsa ta saya daga wani dillali a Beljiyam, tare da wata ta Sakkwato. Masana suka yi ca, domin kowa ya san ta ɓarauniyar hanya suka bar Najeriya. A 2002 aka sasanta: Faransa ta amince kayan mallakar Najeriya ne, Najeriya kuma ta bar mata su aro na shekara 25, da damar sabuntawa. Wa'adin farko yana cika a 2027. Mutumin Unguwar Dosa da ke son ganin waɗannan siffofi sai ya nemi biza da kuɗin jirgi. Na titin Ali Akilu kuwa kuɗin keke ne da ɗan abin da ake biya a ƙofa.